Idan Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata, ga shi damina ta sake kewayowa, hutu kuma ya ƙarato. Nan ba da daɗewa ba da yawa daga cikinmu za su ɗaure kayansu su kama hanyar kudu, su sauka a Kwanar Ɗangora, wasu su nufi Kiru da ƙauyukan da ke gefen dajin Ɗansoshiya, wasu Bebeji, wasu kuma su miƙe zuwa Tudun Wada da Doguwa. Mun san abin da za mu tarar. Dawa da masara da rake sun yi kore shar, kududdufai sun cika, sauro ya yi sallama, kuma da wuya mutum ya shiga gida uku a jere bai sami yaron da ke kwance jikinsa ya yi zafi rau ba. Mun kuma san abin da zai biyo baya. Za a dube mu, mu da aka ce mun yi karatu, a ce, "To, ɗan jami'a, me za a sayo masa?" A nan ne yawancinmu kan ba da kunya, domin amsarmu ba ta wuce ta kowa: a je kemis a haɗo na maleriya da na taifot, a ƙara da allura don jiki ya yi saurin sanyi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, wannan amsa tana halaka 'ya'yan jama'a, kuma tushenta rashin sanin abin da zazzaɓi yake. Zazzaɓi ganga ce da jiki ke bugawa idan ya hango abokin gaba. Wanda ya fasa gangar don ta dame shi da ƙara, bai kori maharan ba. Wanda kuma ya zauna yana saurarenta kwana da kwanaki bai tashi ba, shi ma gari zai ci a kansa. Don mu gane haka sosai, tilas ne mu san masu buga gangar nan, da yadda suke gane baƙo, da dalilin da ya sa wani lokaci su ne da kansu kan jawo wa gari gobara.

Masu gadin ƙofa

A ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano sun sha hare-haren Ningawa, shi ya sa aka kewaye da yawansu da ganuwa, aka sa masu tsaron ƙofa. Mai tsaron ƙofa bai san sunan kowane baƙo ba, bai kuma bukaci ya sani ba. Askar fuska da irin ɗinkin riga da yadda mutum ya rataya kwari sun ishe shi ya gane cewa wannan ba ɗan gari ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake. Fata da majina da ruwan ciki mai tsami su ne ganuwa. A bayan ganuwar akwai fararen ƙwayoyin jini iri-iri, daga cikinsu har da waɗanda za mu kira mahaɗiya, domin aikinsu su haɗiye duk abin da bai dace ba. Suna zaune a fata da huhu da hanta da saifa da hanji, ba sa barci.

Wani masani ɗan Rasha, Iliya Mechnikof, shi ya fara nuna aikinsu a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin ɗan tsakon wata halittar ruwa mai kama da tauraro, wadda ake ganin cikinta kamar gilashi, da gari ya waye ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. An ba shi kyautar Nobel a 1908. Amma tambaya ɗaya ta yi kusan shekara ɗari ba amsa: ta yaya waɗannan ƙwayoyi, da ba su da ido ba su da hanci, suke bambanta ɗan gida da baƙo?

A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale a Amurka ya ce lallai akwai wasu makarɓa a jikin ƙwayoyin nan, waɗanda aka haife mu da su, masu gane alamun da ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su ba. Hujjar ta fito ta inda ba a zata ba, wato daga ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Tun a 1985 masana a Jamus suka bayyana wata ƙwayar gado a ƙudan suka sa mata suna Toll. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka ga cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace, fumfuna kan lulluɓe shi ya mutu. A 1997 Janeway da Ruslan Medzhitov suka nuna cewa mutum ma yana da irinsa. A 1998 kuma Bruce Beutler ya gano, ta hanyar binciken ɓeraye, cewa ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira TLR4, shi ne ke jin dafin da ke jikin ɓawon bakteriya irin su mai kawo taifot da mai kawo sanƙarau. Hoffmann da Beutler sun sami kyautar Nobel a 2011, tare da Ralph Steinman.

Yanzu an san ɗan Adam yana da makarɓa goma na dangin Toll, kowanne da askar da ya ƙware wajen ganewa. TLR4 yana jin dafin ɓawo. TLR5 yana gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. TLR3 da TLR7 suna cikin ƙwaya, suna jiran kayan gadon bairus. TLR9 yana gane kayan gadon baƙo ta wani rubutu da ba kasafai ake samunsa a namu ba. Hikimar abin ita ce, alamun nan duk sassa ne da ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da su, saboda haka ba ta da halin sauya su gaba ɗaya don ta ɓad da kama. Bayan dangin Toll akwai wasu masu gadi a can tsakiyar ƙwaya. A 2002 Jürg Tschopp a Lausanne ta Suwizalan ya bayyana wani gungu nasu da kan haɗu wuri ɗaya ya saki sinadarin zazzaɓi, kuma daga baya aka ga cewa ba ƙwayar cuta kaɗai ke tayar da shi ba. Ƙurar dutse ma tana yi, irin wadda masu fasa dutse da masu haƙar kuza a wurare kamar Riruwai kan shaƙa, shi ya sa huhun irin waɗannan ma'aikata kan yi ta ƙuna a hankali shekara da shekaru ba tare da wata ƙwayar cuta ba.

Daga ƙaya zuwa zazzaɓi

Mu ɗauki abin da kowa ya sani. Manomi ya taka ƙaya a gona, ƙasa ta shiga da ita. Cikin mintoci mahaɗiyan da ke wurin sun ji askar baƙo, sai su saki wasu sinadaran yekuwa, waɗanda masana ke kira TNF da IL-1 da IL-6. Hanyoyin jini na kusa su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja ya yi ɗumi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura. Jijiyoyin ji su ƙara kaifi, wurin ya yi zogi, mai shi ya daina takawa. Alamun nan huɗu, ja da ɗumi da kumburi da zogi, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma kowane wanzami ya san su. Sa'an nan dakarun fararen ƙwayoyi su kwararo daga jini, su yi yaƙi, su mutu a wurin. Gawarwakinsu ne mugunyar da muke matsewa daga maruru. Kaluluwar da kan fito a matsematsi kuwa, can ne aka kai labarin baƙon ga rukuni na biyu na garkuwar jiki, wato masu koyon sunan kowace cuta su riƙe shi. Wannan rukuni na biyu yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya shirya. Da babu masu gadin ƙofa a waɗannan kwanaki, da ba wanda zai kai ga yaye.

Idan yekuwar ta yi yawa har ta shiga jini, takan isa wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ke riƙe da ma'aunin ɗumin jiki. A kullum ma'aunin yana wajen digiri 37. Sinadaran nan kan sa a ɗaga shi zuwa 39 ko 40. Nan take jiki ya ji kamar an jefa shi cikin sanyin hunturu, mutum ya kama makyarkyata, haƙora na haɗuwa, yana neman bargo da rana tsaka. Idan ɗumin ya kai inda aka sa shi, jiki ya yi zafi. Idan yekuwar ta lafa, ma'auni ya sauko, gumi ya karyo. Zafin nan yana da amfani, domin yana rage yaɗuwar wasu ƙwayoyin cuta, yana kuma ƙara wa dakarun jiki kuzari. Farasitamol ba ya taɓa ƙwayar cuta ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya sauko da ma'aunin, mai jinya ya sami sauƙi ya iya shan ruwa ya yi barci. Wannan abu ne mai kyau, ba mu hana ba. Kuskuren shi ne a ɗauki saukar zafi a matsayin warkewa.

Sauro da ruwan Tiga

A ƙasarmu babban mai tayar da gangar nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, ga dazuzzuka irin su Falgore da Ɗansoshiya, ga fadamu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, arziki ya shigo, amma ruwan da ke kwance a magudanai da fagagen shinkafa ya ba sauro wurin hayayyafa har bayan damina ta ɗauke. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan suna nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma yawancin masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ƙwayar cutar, wadda Alphonse Laveran ya fara gani a jinin wani soja a Aljeriya a 1880, takan fara ɓuya a hanta kamar mako guda, ba wanda ya ji motsinta. Sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini ta ci abin da ke cikinsu ta hayayyafa. Bayan kamar awa 48 jajayen ƙwayoyin su fashe, su zubar da 'ya'yan cutar tare da wani baƙin gari, wato ragowar jinin da ta ci, da gutsattsarin jikinta da kayan gadonta. Wannan tarkace ne masu gadi ke ji, su buga ganga gaba ɗaya. Shi ya sa zazzaɓin maleriya kan zo ya tafi ya dawo. Uwa ta ga jikin ɗanta ya yi sanyi da safe ta ce an sami sauƙi, alhali kuwa cutar tana cikin sababbin ƙwayoyi tana shirin fashewa ta gaba, wadda za ta fi ta baya yawa.

Ba baƙon ilmi muke kawowa ba, domin an yi wani ɓangare nasa a ƙofar gidanmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da shahararren binciken Garki, a ƙasar da a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi feshi, an raba magani, cutar ta ragu ƙwarai, da aka daina ta dawo. Binciken ya kuma tabbatar da cewa mutane da yawa, musamman waɗanda suka girma, suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ba tare da zazzaɓi ba, saboda jikinsu ya saba da ita. A Zariya, Brian Greenwood ya shafe shekarun 1970 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana binciken maleriya da sanƙarau, kuma a can aka nuna cewa yaron da maleriya ta kama jikinsa ba ya karɓar wasu alluran rigakafi yadda ya kamata. Bayan ya koma Gambiya, a can ne a 1990 Dominic Kwiatkowski da abokan aikinsa suka auna jinin yara suka ga cewa waɗanda maleriya ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suka mutu, su ne suka fi yawan TNF a jini.

Idan wuta ta ƙwace

Wannan sakamako na Gambiya shi ne ya kawo mu ga rabin maganar na biyu. Duk wanda ya tashi a gefen Ɗansoshiya ya san wutar daji. Manomi kan sa ta don ya share saura, maharbi don ya koro nama, kuma muddin an yi mata iyaka, bawa ce mai biyayya. Ran da iska ta juya, ita ce mai cinye rumbu. Kumburi haka yake. A tafin ƙafa ɗaya, buɗewar hanyoyin jini da tsattsafowar ruwa ceto ne. Idan abu ɗaya ya faru a dukkan jiki lokaci guda, sai jini ya rasa ƙarfin zagayawa, ƙoda ta tsaya, huhu ya cika da ruwa, hankali ya gushe. Likitoci na kiran wannan hali sefsis. Wani babban ƙiyasi da aka buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai ya kashe mutum kusan miliyan 11 a duniya, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar, kuma nauyin ya fi faɗawa kan ƙasashe irin namu, kan jarirai da masu jego.

A maleriya mai tsanani, yekuwar kan sa bangon ƙananan hanyoyin jini ya yi danƙo, jajayen ƙwayoyin da cutar ke ciki su manne, hanya ta toshe, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Yaro ya fara taune-taune, idanu su kafe, a ce iska ce ta shafe shi, a tafi neman turare da rubutu har dare ya raba. A sanƙarau abin ya fi sauri, domin bakteriyar tana zubar da dafin ɓawonta da yawan gaske, TLR4 kuma ba ya jin dafin nan ya yi shiru. Mutumin da ya ci kasuwa da safe yana iya rasuwa kafin asuba ta gaba. Iyayenmu ba su manta da bazarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000, Kano kuwa tana tsakiyar bala'in.

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, tun da wutar jiki ce ke kisa, sai a ba kowa maganin kashe ta. Tarihi ya ƙi wannan gajeren tunani. Akwai magani mai ƙarfi na danne kumburi, deksametason. A 2020, a wani babban gwaji a Ingila, ya rage mutuwar masu korona da ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a 1982 David Warrell, wanda shi ma ya taɓa aiki a Zariya, ya gwada shi a Tailan kan masu maleriyar ƙwaƙwalwa, sai aka ga ya tsawaita sumarsu ya ƙara musu wasu cututtuka. Magani ɗaya, ya ceci wannan ya cuci wancan. Sanin lokacin da za a zuba wa wuta ruwa aikin wanda ya koya ne. To, wannan maganin ne fa ake sayarwa a teburin kasuwa, ana cusa shi cikin haɗin ciwon jiki da leburori ke sha, 'yan mata kuma na sha da sunan sha-ka-fashe don su yi ƙiba. Mai shansa kullum ya sallami masu gadin ƙofarsa da hannunsa, tarin fuka da sauran cututtuka su shiga ba mai buga ganga.

Laifinmu da uzurinmu

Ganga ɗaya ce, mahara kuwa da yawa. Maleriya, taifot, ciwon huhu, ƙyanda, sanƙarau, ciwon kunne, cutar mafitsara, duk sinadaran yekuwa iri ɗaya suke tayarwa, duk zafi iri ɗaya suke kawowa. Tafin hannu a goshi ba zai bambanta su ba. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin da ake yi da ɗigon jini ɗaya a sami amsa cikin kamar minti 15 zuwa 20. Gwajin taifot na Widal kuwa, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yakan nuna alama ga mutanen da suka taɓa haɗuwa da cutar tuntuni, har ma ga masu maleriya, saboda haka rabin "maleriya da taifot" da muke ji a bakin kowa zato ne aka ba shi takarda. Kowane zato kuma kafso ne da aka sha a banza, bakteriya ta ƙara koyon yadda za ta jure masa. An ƙiyasta cewa a 2019 bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma a Afirka ta Yamma ne adadin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai kemis yana bakin kasuwa, yana ba da bashi, yana buɗewa da dare. Ɗakin shan magani na gwamnati yana iya zama a nesa, hanya ta yanke saboda ruwa, a je a tarar kayan gwaji sun ƙare ko ma'aikaci ɗaya ne tal kan garuruwa biyar. Uwar da ta zaɓi kemis lissafi ta yi da abin da ke hannunta, kuma ba mu da bakin zarginta. Zargin yana kanmu, mu da muka san karatu. Daga cikinmu ne ake samun akawun da ke tsara kasafin ƙaramar hukuma, da jami'in da ke sa hannu a takardar sayen kaya, da malamin makaranta, da mai duba kemis-kemis. Ɗalibin shari'a ko na lissafin kuɗi da ya ce ba ruwansa da TLR4, gobe shi ne zai yanke shawara ko a sayi kayan gwajin jini ko a sake fentin ofis.

Akwai kuma wani wurin da wannan ilmi ke da amfani nan take, wato rigakafi. Sau da yawa uwa kan kai ɗanta allurar farko, wurin ya kumbura, jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya, sai maigida ya ce ba za a koma ba, an sa wa yaro cuta. Mu ne ya kamata mu zauna da shi mu ce, "Baba, wannan ɗumi shaida ce cewa masu gadi sun ji, sun kai labari." Da gangan ake sa wa alluran rigakafi da yawa wani sinadari mai tada masu gadi, domin idan ba su buga ganga ba, rukuni na biyu ba ya tashi ya koyi sunan cutar. Rigakafin maleriya na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021 yana ɗauke da wani sassauƙan nau'i na dafin ɓawon nan da TLR4 ke ji. Na biyu, R21, an amince da shi a 2023, Nijeriya kuma ta fara ba da shi a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Sanƙarau nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusan ɓacewa tun da aka fara rigakafinsa a yankin Sahel a 2010. Mashaƙo kuwa, da ya ɓarke a ƙarshen 2022 ya fi yin ɓarna a Kano, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba a kammala ba. Abin da rigakafi ke iyawa da abin da rashinsa ke jawowa, duk mun gani da idonmu.

Abin da muke nema

Ga 'yan'uwanmu masu tafiya hutu, roƙonmu kaɗan ne. Ku sayi ma'aunin zafi ku kai gida. Idan yaro ya yi zazzaɓi, a ba shi ruwa da nono, a rage masa tufafi, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, kada a ba shi asfirin, a kuma kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira kwana uku. Idan an tabbatar maleriya ce, a shanye maganin kwana ukun duka ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko. Ku koya wa iyayenmu mata alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, taune-taune, barcin da ba a iya tashinsa, sanƙarewar wuya, numfashi da sauri har haƙarƙari na lotsawa, tafin hannu ya yi fari fat, da kuma jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Mai jegon da ta yi zazzaɓi da makyarkyata ita ma haka. A irin wannan hali kowace awa tana da daraja, kuma allurar artesunet da ake yi a asibiti an tabbatar a 2010, a gwajin da aka yi kan yaran Afirka fiye da 5,000, cewa ta fi kwinin ceton rai. Idan masu rabon maganin kariya na wata-wata na damina sun zo, a buɗe musu ƙofa. A ɗaura gidan sauro, a daina shinge lambu da shi.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, muna ba da shawara ɗaliban likitanci da na kimiyyar magunguna da na Hausa su zauna tare su tsara wannan bayani cikin harshen da kakarmu za ta fahimta, a karanta shi a rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure da dandalin kasuwannin Kiru da Tudun Wada. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su mahaɗiya da makarɓa da sinadaran yekuwa, gwaji ne kawai, muna maraba da wanda zai kawo waɗanda suka fi su. Ga hukumomi kuma, muna neman kada ɗakin shan magani ko ɗaya a kudancin Kano ya shiga watan Agusta ba kayan gwaji da maganin maleriya, a kuma hana sayar da deksametason da kafso ba takardar likita, a ba jami'o'inmu kuɗin bincike domin jinin yaranmu a auna shi a Kano da Zariya, kamar yadda aka yi a shekarun Garki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin motar Kwanar Ɗangora ta tashi, kowannenmu ya tanadi amsar da zai bayar ran da aka dube shi aka ce, "Ɗan jami'a, me za a sayo masa?" Amsar ita ce, "Inna, kada a sayi kome tukuna. Ɗauko mayafinki, mu kai shi a duba jininsa yanzu."